Hannun Daman Wanzamin Garinmu

Ɗana na fari ya shekara bakwai a duniya ban taɓa ɗaukarsa ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, irin wadda muka taras iyayenmu suna yi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi a gabanka sai ka kau da kai ka bar wani ya ɗaga shi. Uwarsa ma haka, "yaron nan" take ce masa kamar ɗan maƙwabta. A gidansu ta haife shi, a Gumbin Kure ta ƙasar Maiyama, da aka yaye shi kuma can aka mayar da shi wajen kakarsa. Ni ina Alelu, da safe ina koyarwa a firamare, da yamma ina fadama wajen albasa. In na je gaida surukaina nakan hango shi yana wasa da 'yar rigarsa har gwiwa, sai in yi kamar ban gan shi ba, alhali ina sonsa har cikin raina.

Ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ba aka dawo mini da shi domin kaciya da shiga makaranta. Wanzamin garinmu dattijo ne, ya haura sittin, siriri, mai farin gemu kaɗan a haɓa. Shi ya aske mini gashin suna, shi ya cire mini beli, shi ya yi mini kaciya. Baba nake ce masa. Ba ya aske ni bai tsokane ni ba. Sai ya kama kaina ya juya shi hagu da dama ya ce, "Malam, wanga kai naka, boko na yal lanƙwasa shi ko haka Allah yay yi shi?" Hannunsa kuwa ba ka jin sa. Kana cikin dariya sai ka ji ya ce tashi, ka shafa ka ji kai sumul.

Yara huɗu aka yi wa tare, a zauren yayana, har da ɗansa. Ni ban tsaya ba. Uban ɗan fari ba ya tsayawa, don haka tun da sassafe na saɓa fartanya na yi fadama, na yini ina ban ruwan da bai kamata a yi a ranar ba. Da na dawo aka ce an gama lafiya, yaro bai ma yi kuka sosai ba. Na ce madalla, na wuce.

A shekarar nan kuwa akwai wata magana da ta cika ko'ina. A mota, a bakin masallaci, a wajen mai shayi, zancen ke nan: wai akwai masu cire sassan jikin yara su kai wa masu neman mulki da dukiya. Ba wanda ya gani da idonsa, amma kowa yana da wani ɗan uwa a wani gari da ya san wanda aka yi wa. Ni da nake taƙama da boko har dariya nake yi musu a ɗakin malamai. Ina ce musu jahilci ne ke damunsu, in ɗauki allina in tafi aji.

Kwana na huɗu ya faɗo ranar kasuwar Jega. Baba wanzami yana da wurin zama a can, a gindin wani dogon yaro kusa da karar dabbobi, ya ce sai ya dawo zai zo ya wanke wa yara. Da hantsi na zo wucewa ta zaure na ji yaron nan yana kuka, tsumma ya manne masa a miki, kuma babu babba ko ɗaya a kusa. Na duba gabas na duba yamma, babu mai ganina. Na ɗumama ruwan bagaruwa na durƙusa a gabansa. Ranar ce ta farko da na taɓa jikin ɗana da hannuna.

Na jiƙa tsumman na janye a hankali. Shi mikin lafiya lau, yana bushewa. Amma da na duba ƙasa sai na ga jakar marainansa ta karkace. Ɓangaren dama a cike yake har da ɗan kumburi zuwa matsematsi, ɓangaren hagu kuwa a yamutse, babu komai a ciki. Na taɓa, fata ce kawai. Na aika aka kira yayana daga bayan gida, ya zo ya duba, ya duba na ɗansa, ya sake duba nawa, sannan ya ɗago kai ya dube ni.

"An ɗauke guda," in ji shi. "Wallahi an ɗauke guda. Kai da kaka musun mutane, to ga shi cikin gidanka."

Daga zauren nan zuwa ɗakin matata bai fi taku talatin ba. Na sha auna shi daga baya. Da na shiga na ce mata, ke, yaron nan yaya aka haife shi, da magana ta ƙare a nan. Amma ta yaya zan tambaye ta zancen ɗan fari, kuma zancen wannan wuri na jikinsa? A shekara takwas da aurenmu ba mu taɓa zama mun yi hirarsa ba. Ko tunanin tambayarta bai zo mini ba. Abin da ya zo mini shi ne babur ɗin yayana, muka hau mu biyu muka nufi Jega.

Mun same shi yana cikin yi wa wani Bafulatani aski, ya gama rabin kai. Da ya gan ni sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, yau ka kawo mini kan nan kasuwa mutane su gani?" Na sa ƙafa na hankaɗe zabirarsa, asake da ƙahonni suka watse a ƙasa. Na shaƙe wuyan rigarsa na ɗaga shi, ba shi da nauyi ko kaɗan.

"Ina kak kai shi?" na ce.

"Mi, ɗana? Mi nik kai?"

Yayana ne ya ɗaga murya ya faɗa wa kasuwa. Kalma uku ko huɗu ya yi, ba sai ya ƙara ba. Wanda duk ya san kasuwar Jega ya san yadda take cika, to sai na ga kamar duk ta juyo kanmu. Wani ya kai wa Baba naushi ta bayan kafaɗata, rawaninsa ya faɗi. Wani ya zabga masa igiyar shanu a fuska. Masu awon hatsi suka bar buhunansu suka zo, mutanen da ba su san shi ba, ba su san ni ba, ba su ma ji abin da aka ce ya yi ba. Ya faɗi, suka yi ta sa masa ƙafa a ciki da haƙarƙari. Bafulatanin nan mai rabin aski shi kaɗai ne ya yi ƙoƙarin shiga tsakani, aka fasa masa baki aka ture shi gefe.

Ba na ɓoye nawa a cikin na jama'a. Duk dukan da suka yi masa ya warke. Nawa ne bai warke ba. Na ga wani turken ɗaure rago a kafe, na girgiza shi na tumɓuke. Baba yana kwance ya miƙo hannun dama yana kare fuskarsa. Na kama hannun na danne shi a kan saiwar dogon yaron, na taka da ƙafa. Na ce da wannan hannun ka yi. Sau uku na sauke turken. A na farko ya yi ƙara, a na biyu na ji ƙashi ya ba da sauti irin na busasshen kara, a na uku sai ya dube ni. Jini yana fita ta hancinsa, ya ce a hankali, "Ɗana, mi niy yi maka?"

Har an fara kiran a kawo taya da fetur sai 'yan sanda biyu suka ratsa taron da kulake, da taimakon wasu dattawan kasuwa, suka ja shi a ƙasa suka jefa a bayan wata a-kori-kura. A ofishinsu babban ya saurare ni, ya ce shi ba likita ba ne. In je in kawo takardar asibiti da ta nuna an cire wa yaro wani abu, sai a kai maganar gaban alƙali. Kafin nan tsoho zai zauna a wajensu, domin in suka sake shi ba tare da abin da zai wanke shi ba, ba zai kai bakin titi da rai ba. Suka naɗe masa hannun da wani tsumma suka rufe shi.

Na koma gida da jininsa a hannun rigata. Labari ya riga ni zuwa. Matata tana tsaye a ƙofar ɗaki, ba ta yi mini sannu ba. Kanta a sunkuye ta ce, "Malam, haka anka haihe shi."

Na ce ta sake faɗa.

"Haka anka haihe shi. Tun ranar wanka na hwari Inna tag gani. Tac ce in yi shiru, zai sauko da kainai in ya girma. Ni kuwa da wane baki za ni hwaɗa maka?"

Na mare ta. Ban taɓa yi ba kafin ranar, ban kuma sake ba, amma na yi, har ta dafa bango. Na juya na sa ƙafa na fasa randar da ke tsakar gida, ruwa ya malale har zaure. Ita kuwa ta share bakinta ta sake cewa haka aka haife shi. Na ce ƙarya take, tausayin tsoho ne ya sa ta ƙirƙiro. Gaskiyar magana ita ce na ji tsoro. In abin da ta faɗa haka ne, to ni na karya hannun mutumin da bai yi komai ba, kuma ban shirya zama wannan mutumin ba. Ya fi mini sauƙi a ce an cuci ɗana.

Washegari na kai yaron asibitin Jega. Likitan ya duba, ya lalluba, ya ce bai ga alamar yanka ko ɗinki a fatar ba, kuma yana jin wani abu a matsematsin dama da bai gane ba. Ba zai rubuta abin da bai tabbatar ba. Ya ce sai an yi sikanin, wato a duba cikin jiki da na'ura, a lokacin kuwa sai an je Sakkwato, kuma a bari mikin kaciya ya ƙara bushewa tukuna. Na fito ina zaginsa a zuci, wai an riga ni zuwa wajensa.

'Ya'yan Baba suka zo har gida suka durƙusa, suka ce hannun ya kumbura ya yi baƙi, in janye magana a kai shi wajen maɗora. Na kore su. Na je Gumbin Kure don in ƙaryata matata, surukata ta yi mini magana ta bayan asabari, kamar yadda muka saba, ta faɗi daidai abin da 'yarta ta faɗa. Na ce sun haɗa baki. Haka na yi ta ɓata kwanaki, shi kuwa yana kwance a kan siminti da karyayyen hannu.

A kwana na tara da dukan muka shiga mota zuwa Sakkwato, ni da yaron. Mota ta cika, dole na ɗora shi a cinyata. Yana ta kallon buhunan albasa da aka jera a bakin hanya a Aliero, ni kuwa ina kallon mutanen da ake saukewa daga motoci da karaya, an kawo su wajen maɗoran garin. Na kau da kai.

Ɗakin sikanin ɗan ƙarami ne, an rufe tagoginsa da labule. Likitan matashi ne, daga jin Hausarsa ba mutumin ƙasarmu ba ne. Ya sa yaron ya kwanta, ya shafa masa wani mai mai sanyi a mara har ya zabura ya riƙe yatsana. Sai ya ɗauki wani abu kamar sabulun wanka da waya a jikinsa, ya ɗora yana zagawa da shi a hankali. A gabansa akwai ƙaramin talabijin mara launi, ni ban ga komai a ciki ba sai yayyafi da inuwa. Ya duba hagu ya daɗe, daga jaka har sama cikin mara. Ya ce nan babu. Na ji daɗi, Allah ya yafe mini, na ji daɗi da aka ce babu shi a jikin ɗana.

Sannan ya koma dama. Ya tsaya, ya matsar da abin sama kaɗan, ya dawo ƙasa, ya sake hawa. Ya danna wani maɓalli hoton ya tsaya cak. Ya leƙa waje ya kira wani babban likita, suka yi ta nuni da yatsa suna magana da Turanci ƙasa-ƙasa, sun manta ni ma ina ji.

"Malam, matso ka gani," in ji matashin. Ya nuna mini wani abu mai siffar ƙwan zabuwa, fari-fari, gefensa sumul. "Wannan ɗan maraina ne, yana cikin jaka a dama, inda ya kamata." Ya matsar da abin hannunsa sama zuwa matsematsi, sai ga wani irinsa, ya ɗan fi shi ƙanƙanta. "Wannan kuma ɗan'uwansa ne. Biyu ne, duk suna nan."

Na ce ta yaya na hagu zai zo dama, ko wani ne ya tura shi.

Ya ce babu hannun da zai iya. Ya yi mini bayani kamar yadda nake yi wa 'yan aji uku. Tun yaro yana cikin uwarsa, 'ya'yan maraina a can cikin ciki ake halittarsu, kafin haihuwa sai kowane ya sauko ta hanyarsa, na dama ta dama, na hagu ta hagu. Wani lokaci ɗaya yakan maƙale a hanya, wannan suna gani a kai a kai. Amma a ce na hagu ya tsallaka ya bi hanyar ɗan'uwansa, wannan shi a littafi kawai ya taɓa karantawa sai yau. Kumburin da na gani kuma 'yar ƙaba ce da takan zo tare da abin. Za a yi masa aiki a ɗinke ƙabar, a mayar da na hagun gurbinsa.

"Wa ya ce maka an cire?" ya tambaye ni yana goge wa yaron mai.

Na faɗa masa duka, har da turken. Ya daina abin da yake yi. Ya ce kwana nawa ke nan, na ce tara. Bai zage ni ba, na so a ce ya zage ni. Ya zauna ya rubuta takarda da manyan baƙaƙe, ya buga hatimi, ya liƙa ɗan hoton da na'urar ta fitar, ya ce in tashi yanzu in tafi, zancen aikin yaro a yi shi daga baya.

Da la'asar na kai wa 'yan sandan Jega takardar, aka buɗe ɗakin da Baba yake. Wari ne ya fara fitowa. Hannun ya zama kamar ba na mutum ba, yatsun sun sanƙare, wuyan hannun ya karkace gefe. Na ɗauki shatar mota muka kai shi Aliero tare da 'ya'yansa. Maɗorin ya kwance tsumman, ya lalluba, ya tambaya kwana nawa, ya girgiza kai. Ya ce ƙashin ya fara kamawa a karkace, sai an sake ɓalle shi kafin a ɗora. Mutum huɗu suka danne tsohon nan a kan tabarma, ni ne na riƙe ƙafafu domin ba wanda ya hana ni. Maɗorin ya yi bisimilla ya ja ya murɗa. Na sake jin sautin nan na busasshen kara, Baba ya yi wata ƙara ya suma. Aka jera karare aka ɗaure. Maɗorin ya ce mini a waje, da an kawo shi a ranar ko washegari da ya ɗora shi ya koma daidai, amma yanzu dantse zai haɗe, yatsu kuwa sai yadda Allah ya yi.

Yaron an yi masa aiki bayan wata biyu, lafiya lau, yau yana da 'ya'yansa. Ni na ɗauki takardar likita na bi masallatai da ita, na tsaya a gindin dogon yaron nan ranar kasuwa na karanta da Turanci na fassara da Hausa, na ɗaga hoton sama. Ranar da aka dake shi kasuwa ce ta taru. Ranar takarda ba su fi mutum goma ba, su ma wasu cewa suka yi ai mai boko ba ya rasa takarda. Ba wanda ya sake kai wa Baba ɗa kaciya.

Da aka kwance masa ɗori, babban yatsa da manuni ba sa haɗuwa. Aska ba ta zama a hannun. Na je gidansa na durƙusa na nemi gafara, ina kuka kamar yaro a gaban iyalinsa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Yaron ya warke?" Na ce ya warke. Ya ce alhamdulillahi. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ni kuma ban da bakin sake tambaya.

Bayan damina na ji an ce ya koma kasuwa. Na je na same shi a wurinsa na da, zabira a buɗe, yana wasa aska da hannun hagu, tabarmar gabansa babu kowa. Mutane suna wucewa suna kallonsa ta gefen ido. Na cire hulata na zauna a gabansa na sunkuyar da kai. Can sai na ji ya ɗora gurgun hannun a ƙeyata ya juya kan hagu da dama.

"Wanga kai dai bai miƙe ba," in ji shi. "Malam, hagun nan ba ta iya ba tukuna. Za ni yanke ka."

Na ce ya yi.

Ya jiƙa kan ya fara. Ja na farko ya tsaga ni a bayan kunne, na ji jini yana bin wuyana zuwa cikin riga. Ya tsaya ya danna wurin da auduga, ya ci gaba. Askin da a da yake gamawa kafin in gama dariya, ranar ya kai mu har azahar, ya yanke ni wuri biyar. Tun daga ranar, duk bayan kasuwa biyu nakan je in zauna, shekara shida, har ya rasu. Hagun ba ta taɓa iyawa sosai ba, kuma ban taɓa tarar da wani a kan tabarmar kafin ni ba.